Yadda Za Ka Shirya Matatar Tankin Kifi Don pH Ɗin Ruwa Ya Zauna Wuri Ɗaya

Da yawa daga cikin masu ajiye kifin ado a tankin gilashi suna zuwa shago neman abin da za su zuba a matata ya riƙe musu pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, sai a miƙo musu zobban gasasshen yumɓu ko 'yan ƙwallayen roba. Kayan nan suna da amfani ƙwarai, amma riƙe pH ba aikinsu ba ne. Hasali ma, matatar da ke aiki da kyau ita ce ke jan pH ƙasa kullum, sannu a hankali. Don haka aikin da ke gabanka biyu ne: ka gina wa bakteriya masu tace ruwa wurin zama mai kyau, sannan ka tanadi abin da zai riƙa mayar wa ruwa da abin da suke cinyewa.

Abin da ke faruwa a cikin matata

Kifi yana fitar da amoniya ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce. Wasu ƙananan halittu da ke manne a jikin kayan matata suna juya ta zuwa nitirait, wanda shi ma guba ne, sannan a sake juya nitirait zuwa nitiret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai taru da yawa ba. An daɗe ana danganta aikin ga bakteriyan da ake kira Nitrosomonas da Nitrobacter, amma binciken da aka yi tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa a tankin ruwan daɗi Nitrospira ne suka fi ɗaukar nauyin nitirait, kuma a 2015 aka gano cewa wasu daga cikinsu suna iya yin aikin duka biyun su kaɗai.

Wannan juyi yana da farashi. Duk miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya da aka tace yana cin oksijin kusan miligiram 4.6, yana kuma sakin tsamin da ke cinye kimanin miligiram 7.1 na kabonet daga ruwan. Kabonet ɗin nan da ke narke a ruwa shi ake aunawa da sunan KH, kuma shi ne ke shanye tsami kafin ya taɓa pH. KH tamkar hatsin rumbu ne da ake ɗiba kowace safiya: muddin akwai saura gida lafiya lau, ranar da ya ƙare kuwa babu wani gargaɗi. Haka pH yake yi. Zai zauna a 7.4 wata da watanni, KH yana raguwa ba ka sani ba, sai kwana biyu ko uku ya gangaro 6.0 ko ƙasa da haka.

Ga lissafin da zai sa ka ga girman abin. Giram ɗaya na abincin kifi mai furotin kashi 40 cikin 100 yana haifar da amoniyar da tace ta za ta ci kabonet kusan miligiram 260. A tanki mai lita 100 da ake ba wa giram ɗaya kullum, wannan ya kai kusan ma'aunin dKH 1 a mako (da dKH ake ƙidayar KH), domin dKH 1 daidai yake da miligiram 17.9 a kowace lita. Idan ruwanka ya zo da dKH 3 kuma ba ka canja shi, cikin kusan mako uku ka cinye shi.

Kuma idan pH ya sauka ƙasa da 6.5 bakteriyan kansu sukan yi sanyi, wajen 6.0 aikinsu ya kusa tsayawa. Nan amoniya ke fara taruwa a tankin da ya shekara yana lafiya.

Mataki na farko: auna ruwan da kake zubawa

Kafin ka sayi komai, ka san ruwanka. Kana buƙatar abin auna pH da abin auna KH, na ɗigo ba na takarda ba, domin na takarda yana saurin lalacewa da zafi da laima. Ka lura, babban kwalin gwaji na kamfanin API da aka fi sani ya ƙunshi pH da amoniya da nitirait da nitiret, amma babu KH a ciki, daban ake sayar da shi. Amfani da shi ba wuya: ka zuba ruwa mililita 5 a kwalbar, ka riƙa ɗiga maganin ɗaya bayan ɗaya kana girgizawa, har ruwan ya juya daga shuɗi zuwa ruwan ɗorawa. Adadin ɗigon shi ne dKH ɗinka.

Kada ka auna pH na ruwan da ka taro yanzu-yanzu. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da iskar kabon dayoksaid mai yawa, wadda ke sa shi nuna tsami na ɗan lokaci. Ka zuba a bokiti, ka sa masa iska ko ka bar shi a buɗe awa 24, sannan ka auna. Wannan adadi na biyu shi ne ainihin abin da zai zama a tankinka.

Ruwa ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga unguwa zuwa unguwa. Inda ƙasa ke zaune kan dutsen farar ƙasa, irin na Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe inda ake haƙa don siminti, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan zo da kabonet mai yawa. Inda kuwa dutsen ƙasa mai tauri ne irin na yankunan Jos da Kaduna, sau da yawa ruwan yana da ƙarancin kabonet. Ruwan sama kusan ba shi da KH ko kaɗan, haka ma ruwan leda ko na gora da aka tace da injin da ke cire ma'adinai. Mutane suna zuba su a tanki da zaton sun fi tsabta, alhali su ne suka fi saurin faɗuwar pH.

Idan ka sami dKH 4 zuwa sama, kana da madogara. Idan ya kai 6 ko 8 kuma kana canjin ruwa kowane mako, mai yiwuwa ba ka buƙatar ƙara komai, sai ka tsallake mataki na huɗu. Idan ƙasa da 4 ne, dole ka yi tanadi.

Mataki na biyu: san kifin da kake riƙe

Gofish da gofi da moli suna son ruwa daga 7.0 zuwa 8.0. Kifayen siklid na tafkin Malawi suna son wajen 7.8 zuwa 8.5, na tafkin Tanganyika ma sun fi haka. Niyon tetira da diskas daga kogunan Amazon suke, inda ruwa ke da ɗan tsami. Kiribensis, ɗan ƙaramin siklid mai jan ciki da ya fito daga rafukan kudancin Nijeriya, yana zama lafiya kusa da 7.0. Tarwaɗa da karfasa kuwa suna jure daga 6.5 zuwa 8.0 ba matsala.

Shawarata ita ce ka zaɓi kifin da ya dace da ruwanka maimakon ka riƙa tilasta wa ruwa ya dace da kifi. Kifin da aka haifa a gonakin kiwo yana sabawa da adadin da bai yi daidai da na littafi ba, matuƙar adadin ba ya hawa da sauka. Hawa da saukar ce ke kashewa, domin tazarar da ke tsakanin 7 da 6 ninki goma ce ta tsami.

Mataki na uku: zaɓi wurin zaman bakteriya

Abu uku ake nema a kayan: fili mai yawa da bakteriya za su manne, hanyar da ruwa mai oksijin zai ratsa ba tare da toshewa ba, da kuma cewa kayan ba sa narkewa su canja ruwan ba da saninka ba.

Ni a ganina soso mai manyan ƙofofi, wanda aka yi musamman don matatar kifi, shi ya fi dacewa da mafi yawan tankunan gida. A jikin ledarsa za ka ga an rubuta 20 ko 30 ppi, ma'ana yawan ƙofofin da ke cikin inci ɗaya. Wannan girman ya isa: yana kama datti, yana ɗaukar bakteriya masu yawa, yana wankuwa cikin sauƙi, yana kuma shekaru. Kada ka yanko soson katifa ko na kujera, ƙofofinsa sun yi ƙanana kuma ba ka san sinadaran da aka sa masa ba. Soson wanke-wanke na zaren roba, wanda ba ƙarfe a ciki kuma ba a sa masa sabulu ba, yana aiki sosai idan aka cusa da yawa a babbar matata.

Zobban yumɓu da dunƙulen gasasshen gilashi irin su Eheim Substrat Pro, da dutse mai huji-huji irin Seachem Matrix, duka suna da kyau. Sai dai kada manyan alƙaluman fili da ake rubutawa a kwali su ruɗe ka. Yawancin filin yana cikin ƙananan ramuka ne da yauƙi ke toshewa bayan 'yan watanni, aikin ya koma saman dutsen. Idan za ka yi amfani da su, dole soso ya riga su karɓar ruwa.

Akwai kuma K1, 'yan ƙananan robobi masu kama da taya, waɗanda aka ƙirƙiro a Norway a ƙarshen shekarun 1980 don tace ruwan ƙazanta na birane. Filin da bakteriya ke samu a cikinsu ya kai murabba'in mita 500 a kowace kubik mita ɗaya. Idan iska tana juya su suna goge junansu, don haka ba sa toshewa. Ga mai babban tanki ko mai kiwon tarwaɗa da ke sake juya ruwa, su ne zaɓi. A ƙaramin tankin falo kuwa ƙarar karonsu da jikin kwalba tana damun wasu.

Wanda ba shi da halin sayen ko ɗaya, tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa da aka gasa da kyau, wadda ba a shafa wa fenti ko mai ba, yana yi. A fasa shi kamar girman goro, a goge kaifin, a wanke, a jiƙa. Dutsen aman wuta mai ramuka ma haka. Duk dutsen da ka tsinto ka ɗiga masa ruwan khal: idan ya yi kumfa akwai kabonet a ciki, zai ɗaga pH, don haka ba na wannan matakin ba ne, na mai zuwa ne.

Gawayin matata da dutsen ziyolait ba sa cikin wannan lissafi. Gawayi wari da launi da ragowar magani yake kamawa, ya cika cikin 'yan makonni. Ziyolait kuwa amoniya yake tsotsewa, ya hana bakteriyan da kake reno abincinsu.

Mataki na huɗu: tanadin kabonet

Nan ne ainihin maganar riƙe pH take. Abin da ake so shi ne wani abu mai kalsiyam kabonet da zai zauna a hanyar ruwa yana narkewa kaɗan-kaɗan. Kyawunsa shi ne yana daidaita kansa: ruwa ya yi tsami ya narke da sauri, pH ya hau wajen 7.6 zuwa 8.0 narkewar ta kusa tsayawa. Shi ya sa da wuya ya yi ɓarna farat ɗaya.

A shagunan kifi ana sayar da dakakken murjanin teku da aragonait. Idan babu, je wajen masu sayar da kayan abincin kaji ka nemi ɓawon kawa da ake haɗa wa kajin ƙwai; abu ɗaya ne a sinadari, ga araha. Ka zaɓi mai tsakuwa-tsakuwa ba gari ba, ka wanke shi har ruwan ya daina fari, ka tafasa, ka bar shi ya huce. Tsakuwar dutsen farar ƙasa ma tana yi, sai dai ta fi jinkirin narkewa. Ɓawon ƙwai zai iya tsayawa na wucin gadi idan aka cire fatar ciki aka tafasa shi.

Ka zuba a jakar raga ko tsohuwar safar nailan mai tsabta, yadda za ka iya ƙarawa ko ragewa. Kada ka baza shi cikin tsakuwar ƙasan tanki, domin ranar da ka ga ya yi yawa tsince shi aiki ne. Fara da kaɗan, kamar cikin tafin hannu ɗaya ga lita 50. Ka bar shi mako guda, ka auna KH da pH. Idan KH bai kai 4 ba ka ƙara rabin wancan, ka sake jira mako. Haƙuri ake yi da shi. Ba ya nuna aikinsa a kwana ɗaya.

Ka sani yana ƙara wa ruwa kalsiyam, wato taurin ruwa zai hau. Gofi da moli da siklid na manyan tafkuna suna murna da haka. Ga diskas da tetira kuwa cokali ɗaya ko biyu ya isa, don dai KH ya tsaya wajen 2 zuwa 3 kada ya kai sifili.

Bekin soda tana aiki nan take: giram 3 a lita 100 yana ɗaga KH da kusan dKH 1. Masu manyan gonakin kifi da ke sake juya ruwa sukan zuba kusan rubu'in nauyin abincin da suka bayar. A tankin gida na fi so a ajiye ta don gaggawa, a narkar da ita a kofi, a zuba a hankali, kada a wuce dKH 1 a yini. Ka duba kwalin da kyau, bekin foda daban ce, tana da wasu haɗe-haɗe, ba ta shiga tanki. Kanwa ma kada ka gwada. Tana da kabonet, gaskiya ne, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, tana tafe da gishiri da ƙasa, kuma tana iya cilla pH sama fiye da abin da kifi zai ɗauka.

Mataki na biyar: jera su

Ka bi hanyar da ruwa ke bi. Soso mai manyan ƙofofi a farko, mai ƙanana na biye idan akwai wuri, sai zobba ko duwatsu, jakar kabonet a ƙarshe inda ruwa ya riga ya yi tsabta. Injin ya riƙa juya ruwan tankin sau huɗu zuwa biyar a awa. Bakin fitar ruwa ya riƙa motsa saman tanki, domin nan oksijin ke shiga, kabon dayoksaid ke fita.

Mataki na shida: reno

Sabuwar matata fanko ce. Bakteriyan nan suna da jinkirin hayayyafa, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su cika, ko da yake ɗumin ruwa na digiri 25 zuwa 30 yana taimaka musu. Hanya mafi sauri ita ce ka roƙi wani mai tsohon tanki mai lafiya ya yanko maka ɗan sosonsa, ka kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa, ka cusa cikin naka.

Ka kunna matata ba kifi, ka riƙa jefa ɗan abinci kullum ya ruɓe. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, nitirait ya hau ya sauka, nitiret ya bayyana. Idan amoniya da nitirait suka zauna a sifili kwanaki a jere alhali kana ci gaba da jefa abincin, renon matatar ya kammala. A wannan lokacin ka riƙa auna KH duk bayan kwana uku. Reno da yawa da ake cewa ya ƙi ci gaba, KH ne ya ƙare a mako na uku, pH ya faɗi, bakteriya suka tsaya. Bayan nan ka canja rabin ruwa, ka sa kifi kaɗan-kaɗan, ba duka rana ɗaya ba.

Mataki na bakwai: kulawa

Canjin ruwa shi ne babban mai dawo da KH, shi ne kuma mai fitar da nitiret. Rubu'in tanki kowane mako, kana zuƙe dattin ƙasa da tiyo. Idan ruwan famfo ne na hukumar ruwa, ka sa maganin kashe kilorin kafin ya shiga, domin kilorin don kashe bakteriya aka zuba shi, ba ya bambance na cuta da naka.

Soso a matse shi cikin bokitin ruwan da ka ciro daga tanki, sau uku ko huɗu, ba sai ya yi fes ba. Launin ƙasa-ƙasa da ke jikinsa shi ne dukiyar. Zobba a girgiza su kawai. Kada ka wanke komai da komai rana ɗaya, kada ka shanya su a rana, idan kuma za ka sauya wani abu ka sauya rabi ka bar rabi na wata guda. Jakar kabonet takan lulluɓe da yauƙi ta daina narkewa, don haka ka murje ta da hannu duk wata, ka ƙara idan ta ragu.

Ka riƙa auna pH a lokaci ɗaya na yini. A tanki mai shuke-shuke yakan yi ƙasa da asuba ya hau da la'asar, saboda tsirrai suna shan kabon dayoksaid da rana su sake shi da dare. Wannan ɗan motsi ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne KH na mako-mako: ka rubuta shi a littafi, idan ka ga yana sauka a jere ka san inda aka dosa tun kafin pH ya motsa.

Maganar ɗauke wuta

Wannan tana da muhimmanci a wajenmu fiye da yadda littattafan waje suke nunawa. Matatar da ke rufe ruf, idan inji ya tsaya, oksijin ɗin cikinta yana ƙarewa cikin 'yan awoyi, balle a watan Afrilu da ruwa ke da zafi. Bakteriya su galabaita, dattin ciki ya fara ruɓa, wuta ta dawo injin ya turo wannan ruwa cikin tanki. Idan wuta ta wuce awa uku ko huɗu, ka cire filogin, ka buɗe matatar, ka zubar da ruwan ciki, ka sa kayan a raga cikin tanki ko a faffaɗan roba da ruwa kaɗan inda iska ke taɓa su. Shi ya sa nake ba duk wanda wutarsa ba ta tsayawa shawarar matatar soso mai aiki da iska, haɗe da ƙaramin injin iska mai batir ko mai jona wa fawa-banki. Soson yana cikin tanki, ba ya shaƙewa da wuri, kuma injin ba ya cin wuta.

Idan pH ya riga ya faɗi

Ka auna ka ga 6.0 ko ƙasa, KH sifili, amoniya ta bayyana: kada ka canja ruwa da yawa lokaci ɗaya, kada kuma ka zuba soda da yawa. Dalili shi ne a ruwa mai tsami amoniya tana cikin siffar da ba ta cika cutarwa ba. A digiri 28, ɓangarenta mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba a pH 7, amma a pH 8 ya kusa kashi 7. Ka ɗaga pH da gaggawa, amoniyar da ta taru ta rikiɗe guba cikin mintuna.

Sai ka dakatar da abinci kwana biyu, ka ƙara iska, ka sa maganin da ke ɗaure amoniya idan kana da shi. Ka canja kashi 10 cikin 100 na ruwan, gobe ka sake, jibi ka sake, kana auna amoniya kowane lokaci. Ka sa jakar kabonet a matata tun ranar farko tunda ita a hankali take aiki. Ka yi ƙoƙari pH kada ya hau fiye da 0.3 a yini. Yayin da ya haura 6.5 bakteriya za su farfaɗo, kuma a kwanakin ne nitirait kan ɗan hau, don haka ka ci gaba da auna shi kullum har ya koma sifili kafin ka mayar da abinci yadda yake.